Man Kaskon da Ban Taɓa Zubarwa Ba

Malama mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, tsoro ya hana ni sukuni. Ni ban yi boko ba, tela maƙwabcina na sa ya rubuta, yadda na faɗa haka zai sa.

Shekara ashirin da shida ina suyar kifi a bakin tasha. Man kaskona ban taɓa zubar da shi ba, in ya ja baya in ƙara sabo a kai. Haka na tarar ana yi. Marigayi maigidana kuwa kullum sai na kwashe masa ɓurɓushin ƙasan kasko, shi ya fi so. Bara ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida, likita ya ce zuciya ce.

Jikata tana karatun kimiyya a jami'a. Shekaranjiya ta leƙa kaskon, sai ta jera min tsinken ashana a faranti: biyu a kwance a jere, biyu sun leƙo gefe guda, wai haka siffar mai take, sunanta "sis". Ta juya ɗaya ya koma wancan gefen, wai ya zama "tarans". Tsinken nan dai su ne, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Wai haka wuta ke juya mai, juyayyen kuma shi ke toshe jijiya. Ja'irar ta faɗa ta saɓa jakarta ta tafi abinta.

Tun ranar ban hura wuta ba. Ba lallashi nake nema ba. Ki faɗa min gaskiya: ni na kashe shi? Direbobin da ke ci kullum fa?

Mai Suyar Kifi

Iya, Allah Ya jiƙan maigida. Gaskiya kika nema, ga ta.

Jikarki ba ta yi ƙarya ba. Man da ya daɗe yana shan wuta yakan lalace, kaɗan daga cikinsa ya juya kamar tsinken nan, kuma yana cutar da jiki. Amma ta ba ki rabin zance ta tafi. Ciwon zuciya yana da mafari da yawa: hawan jini, shekaru, gado, taba. Babu likitan da zai nuna kaskonki ya ce shi ne. Abin da mijinki ke so kika ba shi, ba da sanin illarsa ba.

Yanzu kuwa kin sani. Rabu da tsohon man nan yau, ki kankare kaskon. Ki riƙa zuba daidai na suyar yini, ki rage wuta, da ya yi baƙi ko ya fara hayaƙi ki sauya. Ki je a gwada jininki ke ma. Ki kuma kira jikar ki faɗa mata abin da ashanarta ta bar miki a rai, na tabbata ba ta sani ba.

Gobe ki hura wutarki, Iya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya kawo kasuwa.