Lallenki Yana Bushewa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki.

Inna, lallen da kika dasa a ƙofar ɗakinki yana bushewa, kuma na rasa yadda zan yi.

Kin san Yaya Habu da son a ce ya waye. Bayan rasuwarki ya shafe tsakar gida da siminti har gindin lallen. Ya je Kano ya jido itatuwan ado a baƙaƙen ledoji, dogayen nan masu tsayuwa ƙyam, ba inuwa ba 'ya'ya. Awaki suka cinye rabi, rana ta ƙone saura. Shi ko a jikinsa. Wai zai ƙaro wasu, kuma gurbin lallenki yake so.

Ban taɓa ganin kin ɗauki bokiti don bishiyar nan ba. A gindinta kike alwala, shi ke nan. In mun tsokane ki sai ki ce, "Ni da shi butarmu ɗaya." Yanzu ko an zuba ruwa, kan siminti yake bi ya fice ta rariya.

Da ganyensa kika yi mini ƙunshin aure, haka ƙannena duka. Ranar sunan 'yata Hauwa'u kika ɗaga ƙafarta kika ce, "Wannan ma daga nan za a ɗebo mata." An sa bikinta bayan babbar salla, Inna. Ganyen da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Na hau babur daga gidana a garin Kunci na je na roƙi Yaya har da kuka. Ya ce lalle ne fa, ba mutum ba. Na ɗauki fartanya na fara fasa simintin, ya ƙwace ta a gaban matarsa da yara. Rassan da na karyo na dasa a gidana duk sun bushe. A kwance kike dasawa ko a tsaye? Da wane wata? Kullum ina kusa da ke, amma ban taɓa tambaya ba, don na ɗauka kina nan.

Jiya Hauwa'u ta same ni tsugune ina tona rassan, ko saiwa ɗaya babu. Ta dafa ni ta ce kada in damu, za ta sayi na leda a kasuwa, ai launin ɗaya ne. Don ta kwantar mini da hankali ta faɗa. Wallahi Inna, ko ranar da aka fita da ke ban yi irin kukan jiya ba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga Alkausara. Ya Allah, ko reshe ɗaya ne, ka raya mini.

'Yarki mai kewarki,
Binta