Ƙasar Gidan Inna

Litinin, 1 ga Satumba

Tuffa ta kusa nuna, ba mu da inda za mu zuba ta. Bara a ɗakin kwanon da muke kwana muka jibge ta, rana ta dafa rabi. Mijina Addi ya ce a gina ɗakin ajiya a bayan gida. Na ce a gina, amma da bulo ko kwano. Tun girgizar ƙasar da ta rushe gidan Inna a kanta ban sake sa ƙafa a ɗakin ƙasa ba. Ko a bikin ’yar Tamu maƙwabciyata, daga waje na ci kuskus ɗina.

Laraba, 3 ga Satumba

Addi ya kira Kawu Hammu, ƙanen Inna, maginin ƙauyenmu. Da ya ji kwano sai da shayi ya sarƙe shi.

"’Yar nan, tuffa za ki ajiye ko burodi za ki gasa?"

Bulo kuma wai gumi yake yi da hunturu, sai dai a yi na ƙasa. Na ce, "Kawu, ƙasa ta cinye mini uwa." Ya ajiye kofi. Ya ce, "Ni ma yayata ce." Wai wancan gidan babu itace a kusurwoyinsa, wannan kuwa zai ɗaure masa ƙugu da katako. Ban ce na yarda ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Inna lillahi! Ƙasar kangon Inna za su ɗiba. Kawu ya ce haka kakanni ke yi, ƙasar da ta taɓa zama bango ta riga ta koyi tsayuwa. Na zage su tas, har jakin da zai kwaso ta. Addi dai kansa a ƙasa, sai ya kira sunana ya ce, "Itto, tuffa ba za ta jira fushinki ba." Haushin da na ji, gaskiya ya faɗa.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yau aka yi gayya. Na rantse ba zan kalla ba, amma wa zai kai musu shayi?

Sun kafa akwatin katako a kan tushen dutse, suna zuba ƙasa mai ɗan danshi, mutum biyu a ciki suna kirɓa ta da manyan taɓare. Ɗaya ya ja salati, sauran su amsa, taɓarya na sauka daidai da amshi, har a tafin ƙafata nake jin dukan. Da suka zare katakon, Allah mai iko! Ƙasar da na gani da safe a kwando, ga ta tsaye, sumul, kusurwa kamar an yanka da wuƙa. Kawu ya hau kai ya yi tsalle, tsoho da shi, ko ɓurɓushi bai zubo ba. Na tsaya da buta a hannu har shayin ya huce.

Talata, 16 ga Satumba

Akwai ɗigon shuɗi-shuɗi a jikin bangon. Farar ƙasar ɗakin Inna ce mai haɗin shuni, wadda muka shafa tare kafin Sallah. Na taɓa. Da ɗumi.

Juma’a, 26 ga Satumba

An yi rufi. Addi ya shiga da tsakar rana ya fito yana cewa sanyi kamar cikin randa. "Leƙa mana, ba ya cizo." Na ce ya leƙa da kakarsa. Amma daga bakin ƙofa iskar ta bugi fuskata, ƙamshin ƙasa bayan ruwa. Na koma murhu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Addi ya sauka kasuwa, akwatunan tuffa a tsakar gida, sai ga ƙanƙara daga kan dutse, manya-manya. Ban yi tunani ba. Na kwashe su duka zuwa cikin sabon ɗakin, ba na ma tuna sau nawa na shiga.

Ƙanƙarar ta ɗauke tun kafin azahar. Na ce bari in ware masu tabo tunda ina wurin. Shiru a ciki, irin wanda na manta akwai shi. Bayana a jingine da bango na ji kiran la’asar.

Da Addi ya dawo ya ce wa ya shigar da kaya, na ce Tamu ce ta taimaka. Ya kalli bayan rigata, ya kaɗe mini ƙasar bangon.