Bokiti Huɗu a Ramin Shuni

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Ilu marini,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa. A gaban jama'a nake rubuto maka, don a gaban jama'a ka ɗauki kunyar da tawa ce.

Ka tuna raminka na ƙarshe a marinar bayan Ƙofar Guga? Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karatun sinadarai, ina ji da kaina. Na ga shunin ya yi ƙasa, ga fararen zannuwan mutane jibge suna jira. Kana tafiya azahar na ɗebo ruwa bokiti huɗu na antaya. A tunanina launin ne kawai zai ɗan yi haske, aiki ya yi sauri.

Alhali kullum kana cewa, "Shuni da toka sai sun gogi juna suke aiki. Ka cika musu ruwa, ka raba su." Ni kuwa dariya nake a raina, wai maganar wanda bai shiga aji ba.

Da ka dawo masallaci ka leƙa ramin, ka dubi ƙafar wandona a jiƙe.

Ramin ya mutu. Kumfa ta kwanta, zane ya shiga ya fito fari-fari, ko koren nan da iska ke mayarwa shuɗi babu. Kwana tara kana motsawa, kana ƙara toka, a banza. Masu zannuwa suka kwashe kayansu. Abokan sana'a suka taru suna tambaya, ina tsaye a bayanka, ka ce, "Hannuna ne ya tsufa." Na yi shiru, Baba. Daga nan ba ka sake kafa rami ba.

Jiya ina koya wa ɗalibaina haɗin sinadaran da ke yin gaba ya kuma dawo baya. Na ce in aka ƙara ruwa, ƙwayoyin sukan yi nisa da juna, gamuwa ta yi wuya, tafiya da dawowa duk su yi sanyi. Amma ɓangaren da ya fi buƙatar gamuwa shi ya fi raunana, sai haɗin ya karkata ya warware. Alli a hannuna, na tsaya cak. Wallahi maganarka ce, Turanci kawai na sa mata. Kunya ta hana ni ƙarasa darasin.

To, mutanen marina, waɗanda suka rage, ku ji: hannun Malam Ilu bai tsufa ba. Ni ne.

Allah Ya rufa maka asiri ranar gobe kamar yadda ka rufa mini, Ya haskaka makwancinka. Ka yafe mini, Babana.

Ɗanka da ya yi shiru,
Kabiru