Dakalin Baba a Kan Hanya

Laraba da dare, Maƙarfi, tsakiyar damina, shekara ta biyu da samun mulkin kai.

Aikin safiyar nan ya ishe ni. Turakun da na kafa makon jiya don a bar wa masu tafiya a ƙasa taku huɗu a gefen titin kasuwa, yau na tarar an ɗaure awaki a rabinsu, sauran an tuge an yi girki.

Na ƙofar gidanmu ya fi ci mini rai. Baba ya sa an gina masa sabon dakali daidai inda na ja igiya. Na durƙusa na ce, "Baba, nan hanyar jama'a ce. Garin nan zai cika, motocin gyaɗa za su yi yawa."

Ya ce, "Jama'ar ba nan suke zama mu gaisa ba? Kana auna wa jikokin da ba a haifa ba hanya, ubanka kuwa ya zauna a ƙasa?"

Idan na kasa a gidanmu, da wane baki zan yi wa mai unguwa magana?

Da la'asar Malam Sule makaho ya biyo bango da sandarsa kamar kullum. Ya ci karo da dakalin, dole ya gangara tsakiyar titi cikin taɓo, wata babbar mota na danna masa oda. Baba da kansa ya kamo hannunsa, ya zaunar da shi a dakalin, ya dube ni ya ce, "Ka ga amfaninsa?"

Gobe ba zan kafa turke ko ɗaya ba.