Umma, Gidan Bakin Tekun Har Cokali Akwai a Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, Umma. Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mini in yi a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma na saba in abu ya tsaya mini a rai sai na faɗa miki, kuma har yau yatsana bai daina neman lambarki ba. Masu bibiyar shafina su yi haƙuri, yau da mahaifiyata nake magana.

Umma, surukinki ya so ya saya mini gida a bakin teku.

Na san da kina nan dariya za ki fara yi. Kin tuna ranar da na ƙona miyar kuka saboda na ɓoye littafin soyayya a cikin zani, ina karanta yadda wani ya kai amaryarsa farin gida mai kallon ruwa? Kika ƙwace littafin kika ce, "Zulai, teku dai ba a tuƙa tuwo da ita." Da yamma kuma kika mayar mini da shi ƙarƙashin matashi, kamar ba ke ba.

Bari in faro miki daga farko. Tun da aka sa dokar kulle saboda annoba a nan Kuala Lumpur, aka rufe makarantar su surukinki da ke Jalan Semarak, falonmu ya zama ɗakin karatunsa. Ni kuwa sai zirga-zirga, daga kicin zuwa baranda, daga baranda zuwa kicin, kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. Jirgin ƙasan nan mai bin gada yana wucewa ba kowa a ciki. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida, don haka shi ke sa takunkumi ya tafi kasuwar Chow Kit, ya kira ni yana nuna mini wani ganye yana tambaya ko alayyafo ne. Ba alayyafo ba ne, Umma. Bai taɓa zama alayyafo ba.

A cikin wannan zaman kika rasu. Filayen jirgi a rufe. Zaman makokinki a waya na yi shi, ina jin muryoyin mata a tsakar gidanmu, ni ina zaune a kan kujerar mutane a ƙasar mutane. Tun daga nan wuri ya daina ɗaukata. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki littafi sai in ajiye.

Sai ga Nazifi, abokinsa tun sakandare, wanda ya je karatu Turkiyya ya zama dillalin gidaje a wani gari da ake kira Alanya, a gaɓar Bahar Rum. Ya fara turo bidiyo. Umma, garin kamar daga littattafaina aka ciro shi. Rana tarwai, bishiyoyin lemo a bakin titi, wata tsohuwar ganuwa a kan dutse, ruwa shuɗi har ƙarshen gani. Gidan ƙarami ne, a bene, amma in ka buɗe ƙofar baranda teku ce ke gaishe ka. Na kalli bidiyon nan har na haddace inda labule ke motsi.

Surukinki ya ga yadda nake kallo. Ya ce zai sayar da filin da ya gada a Rijiyar Zaki, wanda muka ce a nan za mu yi gini in mun koma Kano. Har an sami mai saye. Ya ce, "Ke kika yi mafarkin, ke za ki yanke. Amsarki kawai ake jira."

A zuciyata na riga na ce to. Har na zaɓi mayafin da zan yafa in iskar teku tana kaɗawa.

Ranar da Nazifi ya zagaya da mu gidan kai tsaye ta waya, yana ta zuba kamar mai tallan magani. Ya buɗe wannan, ya jawo wancan. Gado a shimfiɗe, labule a rataye, tukwane a jere. Ya ɗaga wani abu yana walƙiya ya ce, "Amarya, kin gani? Har cokali akwai! Akwatinki kawai za ki jawo." Na ce to ina zan sa kayana? Ya kwashe da dariya ya ce, "Wane kaya kuma, Hajiya? Nan ko tsintsiya ba a zuwa da ita."

Su duka biyun suka yi dariya. Ni ma na yi. Amma tunanina ya tafi ƙarƙashin gadonki.

Tun ina aji biyu a sakandare kika fara tara mini kayan ɗaki. Yau ki dawo daga Sabon Gari da langa, wani watan da samira, wata shekarar da zannuwan gado daga Kwari. Ki goge, ki naɗe a tsohuwar jarida, ki tura ƙarƙashin gado. In na ce kwalla ta zama tsohon yayi, ki ce, "Yayi yana wucewa, kwalla tana nan."

Kin san yadda bikina ya zo a gaggauce saboda tafiyarsa. Ba a yi mini jere ba. Daga gidanmu sai filin jirgi. Kina gyara mini mayafi a soro kika ce, "Kaya ba sa ruɓewa. Ranar da kuka gina naku, ni da kaina zan tsaya a kan jeren. Matar da danginta ba su yi mata jere ba baƙuwa ce, ko ta shekara goma a ɗakin." Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Ashe gaskiya kika faɗa. Gidan hayarmu na nan komai na mai gidan ne, wata dattijuwa da muke kira Makcik. Mutuniyar kirki ce, da azumi har kunun shinkafa take aiko mana. Amma da na nemi in kafa ƙusa ɗaya in rataya hotonki, sai ta girgiza kai tana murmushi ta ce, "Tak boleh lah." Ba zai yiwu ba. Ina cin abinci da cokalin wata, ina barci a gadon da wata ta zaɓa. Yanzu kuma a sayar da ƙasar da za a yi mini jere a kanta, a saya mini wani cokalin da ban san wadda ta zaɓe shi ba?

Na kira Yaya Hadiza. Ta ce kwalayen kayan nan suna ɗakinki, ko da aka zo rabon gado ba wanda ya taɓa, kowa ya ce na Zulai ne. Ƙanwarki Inna Asabe ta karɓe wayar ta ce, "Ke 'yar nan, ni zan tsaya a madadin yayata. Amma ku yi sauri, gwiwoyin nan ba sa jiran dokta ya gama digiri."

Kada ki zaci ban nemi dabara ba. Na ce a sa kayan a jirgin ruwa. Amma ko sun isa, wa zai jera? Ai jere ba kwanuka ba ne kawai. Mata ne cike da ɗaki, wannan na cewa a matsar da kabad hagu, waccan na cewa ita ta fi kowa ido, ga guɗa, ga hayaƙin turare. Inna Asabe ko Kaduna ba ta zuwa sai an yi da gaske, balle Turkiyya.

Na yi ta juyi. Da safe in ce teku, da azahar in ce Kano.

Jiya bayan la'asar, ana irin ruwan nan nasu mai tsawa, na faɗa wa surukinki kada ya sayar da filin. Ya cire tabarau. Ya ce, "Kin tabbata? Kada gobe ki karanta wani littafin ki tayar mini da balli." Sai kuma muryarsa ta yi ƙasa ya ce, "Ni dama so nake in ga kin yi dariya kamar da." A gabana ya kira mai sayen ya ba shi haƙuri.

Ba zan ɓoye miki ba, ban goge bidiyon ba. Yau ma na kalla, raina ya ɗan sosu. Na sa ya yi alkawari in an buɗe hanya zai kai ni garin, mu yi mako guda, in tsoma ƙafata a ruwan, in ci abinci da cokalinsu a matsayin baƙuwa. Baƙunta a can ba laifi ba ce. A ɗakina ne ba na so.

Allah Ya jiƙanki, Umma. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi fiye da tekun da nake mafarki. Ya yaye mana wannan annoba, Ya ƙara wa Inna Asabe ƙarfin gwiwa har mu ɗora rufi.

Na ce wa Yaya Hadiza kada a kwance igiyar da kika ɗaure kwalayen da ita. Ƙullin hannunki ne. Ni zan kwance shi, a ɗakina.

Taki har abada,
Zulai, mai ƙona miya.