Na Ga Lemarsa a Shimfiɗe, Na Wuce

Gwaggo Delu, don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe, ki ba ni amsa kafin Asabar. Kwana tara ke nan ina ɗauke da wata magana a cikina, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a garin nan, don duk wanda na sani ya san mutumin da maganar ta shafa.

Ni mutumin Mubi ne. Shekarata arba'in da bakwai, goma sha shida daga ciki a nan garin Bright na yi su, a jihar Victoria, ƙasar Turawa. Tsinkar tuffa ta kawo ni, daga baya na samu aikin tuƙa motar da ke kwaso masu tashi da lema. Su hau dutsen Mystic, su buɗe lemarsu iska ta ɗauke su, su yi ta shawagi kamar shirwa daga wannan kwari zuwa wancan. Inda iska ta ƙare wa mutum nan zai sauka, ko gonar inabi ko makiyayar shanu, ni kuma in bi da mota in kwaso shi. Shekara tara ina wannan aiki, ina jin hirarsu a bayana kamar ni ma kujera ce a motar.

Zan faɗi gaskiya a kan Des Pascoe, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Shi ya koya mini tashi. Shi ya ba ni tsohuwar lemarsa kyauta, ya tsaya a filin koyo rana tana dukansa yana yi mini ihu har na iya. Ranar da na fara rabuwa da ƙasa, matarsa Rhonda ta gasa mini rago daban, ba ta haɗa shi da naman alade a wuta ɗaya ba. Ban manta ba. Amma shi ɗin dai, shekara bakwai ina tashi, bai taɓa kiran sunana ba. Direba. A gaban baƙi, a rediyonmu na oba-oba, a wurin rabon kyauta. "Direba, yau ma ka bar motar a ƙasa? To wa zai kwaso ka?" Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Mutanen nan sun ce wanda suke so shi suke tsokana. Wataƙila haka ne. Ni dai na gaji da irin wannan so.

Akwai ƙa'ida guda da ake koya wa kowa tun ranar farko. Da ƙafarka ta taɓa ƙasa, ka tattara lemarka ka dunƙule ta, kafin ka sha ruwa, kafin ka yi fitsari. Lema a dunƙule, lafiya lau ke nan. Lema a shimfiɗe kuwa, ma'anarta a zo, na ji ciwo. Duk wanda ya hango ta daga sama dole ya faɗa a oba-oba, in da wurin sauka ya sauka, ko da a tsakiyar gasa yake. Des shi ya koya mini wannan ƙa'ida, kuma ba wanda ya kai shi karya ta. Shekara uku da suka wuce, a wata gasa, na hango jar lemarsa a baje a wani fili bayan Harrietville. Ranar ina tafiya da kyau, ban taɓa yin nisa haka ba. Na bar komai na sauka. Na same shi a inuwa ya cire takalmi yana cin burodi da cuku. Ya dube ni ya ce, "A'a, Direba! Hidima har gida? To ina motar?" Labarin ya yi shekara yana yawo a mashaya, kuma ni ne abin dariyar, ba shi ba.

To ga abin da ya faru. Ranar ƙarshe ta gasar bana, an sa mana hanya ta kilomita tamanin da 'yan kai, mu tsallake zuwa kwarin Kiewa mu dawo. Zafi ya yi zafi, iska tana fizga. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni cikin rukunin gaba, tare da yaran da suke zuwa gasar duniya. Wajen ƙarfe biyu na ɗan ware hagu ni kaɗai, ina bin wani tsauni kafin Tawonga. Nan na hango ta. Jar lemar Des a shimfiɗe a wani ɗan sarari tsakanin itatuwan turare, can saman tudu, inda ba hanyar mota.

Gwaggo, na juya a kansa sau biyu. Yatsana yana kan maɓallin oba-oba. Ban ga motsi ba, ban kuma ga mutum sosai ba, inuwar itatuwa ta rufe gefen. Zuciyata ta ce, burodi da cuku. Ta ce, ka kira, a tsayar da kowa, yamma ta yi ya shigo yana dariya. Amma akwai wata murya da ta ce mini, ba mai hankalin da zai zaɓi wannan wuri ya sauka. Na ji ta sarai. Na ɗaga yatsana na bi sauran.

Na zo na uku. A rayuwata ban taɓa shiga goma na farko ba. Aka rungume ni, wani ya zuba mini ruwan sanyi a ka. Sai ƙarfe biyar, lokacin da kowa ya kamata ya sanar cewa ya sauka lafiya, aka ga saura mutum ɗaya. Na'urarsa mai nuna inda yake ta daina aika saƙo tun da ya shiga bayan tsaunin. Ina tsaye a wurin ana ta duba taswira, na san inda yake. Na dai ce, "Ku gwada tsaunin nan kafin Tawonga, nan iska ta fi muni." Aka ce Direba ya san ƙasar nan kamar tafin hannunsa. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi wajen shida da rabi. Ƙugunsa ya karye, ya zubar da jini a ciki, ƙafarsa ta hagu har yau likitoci ba su ce komai ba. Rhonda ta ce sun gaya mata da an kawo shi da wuri da maganar ƙafar ba ta taso ba.

Lahadi na tuƙa zuwa Melbourne na duba shi. Ya rame, muryarsa ta dushe, amma bakin yana nan. "Direba, ka makara, wani ya riga ka ɗaukata." Daga nan ya daina wasa. Ya ce yana kwance ya ga wata lema ta juya a kansa sau biyu, rana ta hana shi ganin launinta. Ya ce da ya gan ta sai hankalinsa ya kwanta, ya ce shi ke nan, an gan ni. Na'urar neman agaji tana cikin jakarsa, taku kaɗan daga inda ya faɗi, amma jan jiki azaba ne, sai ya zaɓi ya kwanta ya jira tunda ai an kira. Awa huɗu yana jira. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ka san lemar kowa a kwarin nan. Nemo mini shi. Ba dukansa zan yi ba, ka gan ni ai. Ina so in ji dalili ne kawai."

Ranar Asabar kwamitin kiyaye haɗari zai zauna. Kerrin, shugabar kwamitin, za ta ɗora sawun kowa a allo, don na'urorinmu suna rubuta duk inda muka bi a sama. Za su ga zobe biyu a kan tudun nan, a wurin da iska ke danna mutum ƙasa, kuma ba mai juyawa a irin wannan wuri sai mai kallon wani abu. Zan iya cewa iska mai hawa nake lalube. Wasu za su yarda. Kerrin ba za ta yarda ba, amma ba ta da shaida.

In na faɗa, ban san ko zan iya ƙara shiga kantin garin nan ba. Ba ni da kowa a nan sai su, da daɗinsu da ɗacinsu. Gida kuma, iyayena sun rasu, ƙannena sun saba da ni a waya kawai. In na yi shiru, zan ci gaba da kai wa Des inabi asibiti yana tambayata ko na gano mutumin. Wani lokaci ina cewa shi ya jawo, wani lokaci ina jin ko sallata ba ta hawa. Gwaggo, me zan yi?

Naki,
Baƙon Kwari

*

Ɗana Baƙon Kwari,

Na karanta, kuma na matsar da wasiƙun wasu don taka ta fito kafin Asabar. Ban taɓa hawa ko bishiyar mangwaro ba balle iska, amma maganarka ba ta iska ba ce, don haka zan iya sa baki.

Bari in fara da abin da ke gefenka. Ba kai ka kayar da shi ba. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mutumin da ya mai da alamar neman ceto abin wasa ya yi wa kowa illa, har da kansa. Raini na shekara bakwai ciwo ne, ko da dariya aka lulluɓe shi. Ka kuma nuna musu tsaunin da ƙarfe biyar, ba ka bar shi ya kwana a can ba. Duk na ƙirga maka.

Amma ka dubi abin da ka rubuta da hannunka. Ba sauka aka ce lallai ka yi ba. Danna maɓalli ne da magana guda, kana tafe kana yi, kuma da na ukun naka yana nan. Ashe ba gasa ce ta ɗaga maka yatsa ba, tsoron a sake yi maka dariya ne, da tsohon haushi. Ka san wannan, shi ya sa ba ka roƙe ni in wanke ka ba.

Kada ka jira allon Kerrin. Gaskiyar da mutum ya kawo da ƙafarsa daban take da wadda aka tono. Ka je wurin Des kafin Asabar, ka nemi Rhonda ta zauna, don ita ma tana da haƙƙi a ciki. Ka faɗa a taƙaice: ni ne, na gan ka, na yi zaton irin na wancan karon ne, na ji a jikina ba haka ba ne, ban kira ba. Ka tsaya nan. Kada ka jero masa laifuffukansa a gadon asibiti, ba ranarsu ba ce. In ya zage ka, ka ɗauka. In Rhonda ta nuna maka ƙofa, ka fita da ladabi, kada ka nemi a yafe maka a zaman farko.

Daga nan ka kira Kerrin. A gaban kwamiti kam ka ba da labarin Harrietville, ba don kare kanka ba, don su san yadda ƙa'idarsu ta lalace su gyara ta. Matsayinka na uku ka ajiye musu a tebur su yanke abin da suka ga dama. In kana tsoron abin zai taɓa shari'a ko takardun zamanka, ka ga lauya gobe da safe. Wannan hankali ne, amma kada ya zama dalilin jinkiri.

Ba zan yi maka alƙawarin garin zai riƙe ka ba. Wasu za su juya maka baya, wataƙila na dogon lokaci. Sai dai mutanen da ransu ke rataye a wuyan juna a sama sun fi tsoron mai ɓoyewa a kan mai kuskure. Kuma zaman da kake tsoron rasawa, in ka yi ƙarya ranar Asabar, ka riga ka rasa shi, jikinka ne kawai zai rage a garin.

Mutum yana kwance ya aike ka nemo masa wani. Ka same shi. Kai masa shi.

Allah ya ba Des lafiya, ya tsayar masa da ƙafarsa. Kai kuma Allah ya ba ka ƙarfin bakin da za ka faɗa, ya yafe mana baki ɗaya.

Gwaggo Delu