Sabuwar Kanta a Shagon Baba

Jakara, Kano
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya zafin Maraɗi? Yaya ƙafar da kika ce tana damun ki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, mai ɗakina Sadiya tana gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Lawal direba a wannan zamani na waya. Maganar ba ta waya ba ce. Tun safe har la'asar Baba yana gefena a shago, kin kuwa san kunnensa. In na koma gida ma, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa.

Yaya, wallahi na gaji. Shagon nan namu na kasuwar Kurmi yana nan yadda kika bar shi ranar da aka kai ki ɗakin miji, sai dai ƙarin tarkace. Zare a kwali, zare a buhu, zare a kwando, zare rataye a ƙusa, duk a zube kewaye da buzun da Baba yake zama a kai. Mutum biyu ba sa iya tsayawa a ciki sai ɗaya ya taka ɗaya. Sama kuwa, daga kafaɗa zuwa rufi, bango ne fayau, ba abin da ke jikinsa sai yanar gizo. Makon jiya wani mai ɗinkin hula ya zo daga Bichi neman zare ruwan zuma, Baba ya tafi sallah. Na san muna da shi. Na tona, na tona, har gumi ya jiƙa mini riga, mutumin ya gaji ya tsallaka shagon gaba. Baba na dawowa, ko waiwaye bai yi ba, ya miƙa hannu bayansa ya zaro shi. Na ji kamar in yi kuka don haushi.

Kin tuna Mubarak abokina na makaranta? Yanzu sana'arsa ke nan, tsara wa shaguna kanta. Ya zo ya auna, ya zana mini a kwamfuta. Kanta ce siririya, faɗinta bai wuce taƙi ba don kada ta cinye fili, za ta bi bango uku har rufi. Zaren da aka fi nema a sa shi daidai idon mai saye, na ajiya a sama, launi kuma a jere daga mai haske zuwa mai duhu. Ƙasa ta zama fili.

Na kai wa Baba zanen, ko karɓa bai yi ba. Ya ce duk ranar da aka taɓa masa kaya, to zamansa a kasuwa ya ƙare. Abin da ke tsorata ni ke nan. Kin ga yadda Baffa Ashafa ya koma tun da ya bar kasuwa, ko shekara bai yi ba ya daina gane mutane. Ba na son Baba ya zauna a gida, kuma ba zan iya ci gaba da ciniki a cikin wannan hargitsi ba.

Don Allah ki kira shi. Ke ce mai sunan mahaifiyarsa, ke yake kira Uwata, ba ya iya ce miki a'a. Ni in na buɗe baki, yaro ne yake magana, ko da furfura ta fara fito mini.

Ki gaida Alhaji da yara.

Ƙaninki,
Sadiƙ

Jakara, Kano
Ranar Alhamis

Yaya Hajo,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na gode da kilishin da kika aiko, yara sun gama da shi kafin in ɗanɗana.

Allah Ya saka miki da alheri. Bayan kun gama waya na durƙusa na tambaye shi ko mu fara aiki. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce to. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuwa ban tsaya neman ƙari ba.

Aikin kuwa, kada Allah Ya maimaita mini. Mubarak ya yi awonsa a ƙasa, ya manta ginin ƙasa ne na kakanni, gindinsa ya fi samansa kauri, kuma babu kusurwa ɗaya da ta miƙe. Mamman kafinta ya kawo katako, ya zauna daidai a ƙasa, a sama kuwa akwai ratar da kyanwa za ta kwana a ciki. Aka zo kafa ƙusa, bangon ya riƙa zubo mana ƙasa a ka. Mubarak yana cewa laifin kafinta ne, kafinta yana cewa laifin kwamfuta ne, ni ina tsakiya da ƙura har cikin kunne, maƙwabta sun jeru suna kallo, kowa da shawararsa. Daga ƙarshe sai da muka tsayar da kantar a kan ƙafafunta, muka ɗaure ta da azarar rufi. Duk kwanakin nan Baba yana gida.

Amma Yaya, ki zo ki gani. Fari, ruwan madara, ruwan ƙwai, ruwan goro, ja, makuba, kore, shuɗi, har zuwa baƙi, kowanne a layinsa, da fitila a sama. Masu wucewa suna tsayawa su ɗauki hoto. Yanzu mutum huɗu suna shiga su zaɓi abin da suke so da kansu. Buzun Baba ma na shimfiɗa masa shi a inda yake tun asali, na ƙara masa matashi.

To, mai shagon fa? Ya zo ya tsaya a ƙofa, ya shiga ya zauna, ya shafa ƙasa a damansa, ya shafa a hagunsa, ya ɗora hannu a gwiwa. Ko Allah Ya sa albarka bai ce ba. Duk wanda ya zo sayayya, sai ya ce a tambayi Sadiƙ. Mutumin da a da ko tsinke ba ya bari in miƙa wa mai saye. Azahar na yi ya tashi ya tafi gida, wai kansa na ciwo. Haka yake yi kullum tun daga ranar.

Fushi ne kawai, na sani. Amma in bai yarda ba, me ya sa ya ce to? Mutum ya amince da bakinsa, sannan ya zo yana hukunta ka da shiru. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba.

A gaida mutan gida.

Naki,
Sadiƙ

Jakara, Kano
Ranar Talata

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwar gajeriya ce.

Shekaranjiya na fita karɓo kaya a tasha, na bar Baba shi kaɗai. Malam Shehu na Gwammaja ya zo, kin san shi, tsohon nan mai ɗinkin aska a manyan riguna, abokin cinikin Baba tun ba a haife ni ba. Ya nemi ruwan toka. Baba ya tashi ya laluba kanta, ya naɗe masa a takarda, shi kuma bai buɗe ba, don bai taɓa buɗe abin da Baba ya ba shi ba. Sai da ya isa gida ya ga ruwan hoda ne, irin na kayan jarirai.

Jiya ya dawo da shi, ya ja ni gefe can bayan masu sayar da fata, yana magana ƙasa-ƙasa kamar shi ya yi laifin. Ya ce ya daɗe da lura, in ya miƙa wa Baba hannu sai ya yi magana tukuna Baba yake gano inda hannun yake. Ya ce ya ɗauka mun sani.

Yaya, Baba ba ya gani. Ban ce miki duhu ne gaba ɗaya ba, yana ganin haske da giftawar mutum, amma launi ya tafi, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Hanyar gida zuwa kasuwa ƙafarsa ta haddace. Mutane da murya yake gane su. Zare kuwa da wurin zamansa yake sanin sa: wannan kwalin a gwiwar dama, wancan buhun a baya, waccan ƙusar in ya miƙa hannu sama. Abin da nake kira hargitsi, da shi yake gani. Ni kuma na kwashe na jera shi daidai ido.

Tsakani da Allah, haushinsa nake ji har yanzu. Wane irin zurfin ciki ne wannan? Gida ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci. Da ya ce mini kalma ɗaya, da ko ƙusa ban taɓa ba. Amma ya gwammace ya ce to, ya bar ni in rusa masa komai da hannuna, da dai ya buɗe baki ya ce wa ɗansa idonsa ya gaza. Ke ma da kika kira shi, ai ya iya faɗa miki.

Ashe Baba ya ji duk abin da Malam Shehu ya faɗa mini, don kunnen nan nasa bai bar shi ba. Yau da safe ya aiko Sadiya ta kawo mini mukullinsa na shago. Yana zaune a soro tun hantsi, ya juya fuska bango. Abincin rana ma an dawo da shi yadda aka kai.

Ki sa mu a addu'a.

Sadiƙ

Jakara, Kano
Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata Hajo,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji saƙonki a bakin Lawal, kuma ki kwantar da hankali, ban ce masa komai a kan ido ba. Ni ma na san ba a yi wa uba haka.

Na kira Mamman kafinta ya cire layukan ƙasa na kantar, iya inda hannun mutum zai kai in yana zaune. Mubarak ya yi ta mita wai na ɓata masa tsari, na ce ya je ya yi mitarsa a gida. Na bi maƙwabta ina roƙon tsofaffin kwalayenmu da na raba musu, ɗaya ma sai da na ƙwato shi a hannun mai sayar da goro. Na dawo da kwanduna, na mayar da ƙusoshi a ramukansu. Sai na tsaya cak. Ban san inda komai yake zama ba. Shekara da shekaru ina cikin shagon nan, ban taɓa riƙe wurin zaman ko kwali ɗaya a kaina ba, don kullum shi yake miƙowa.

Na same shi a soro, na durƙusa na ce masa sabon tsarin ya rikita ni, na mayar da kayan ƙasa amma na rasa yadda suke, ya taimaka ya zo ya nuna mini. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani. Ya ƙyale ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce in miƙo masa takalminsa.

Wuni guda muka yi. Yana zaune a buzu, ni ina ɗaukowa ina faɗin launi, shi yana nuna wuri da hannu. Ya kuma wahalar da ni, Yaya. In na ajiye kwali ya kauce da faɗin yatsa, sai ya ce ba nan ba ne, in ɗaga in sake. Ya zage ni tas a kan wani kwando da na juya bakinsa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Kafin la'asar Malam Shehu ya leƙo, ya nemi ruwan toka da ƙarfi yadda duk layin zai ji. Baba ya miƙa hannu hagu ya zaro ya naɗe, Malam Shehu ya jefa a aljihu bai duba ba.

Yanzu shagon ya zama abin dariya. Sama kamar kantin birnin Turawa, ƙasa kamar an yi ambaliya. Filin da na sha wahala na samo, rabinsa ya tafi. Masu ɗaukar hoto sai su ɗaga waya sama don kada kwalayen su fito.

Da muka zo rufewa, ina tattara kaya, sai na ga ya ɗaga kai yana fuskantar kantar sama, inda fitila take. Ya daɗe a haka. Can ya kira sunana, ya ce ya ji mutane suna ta yaba abin da na yi a can sama. Ya ce in zauna in faɗa masa yadda yake, launi bayan launi, daga ƙofa zuwa kusurwa, kada in yi sauri.

Na zauna na fara daga fari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na kai baƙi, shi kuma yana saurare.

Yaya, ki shirya ki zo cikin watan nan mu kai shi wurin likitan ido. In ni na faɗa, zai ce to, irin wancan to ɗin nasa. Ke ce za ki zo ki riƙe masa hannu ki sa shi a mota.

Sadiya da yara suna gaishe ku. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Sadiƙ